Ranar da albashi ya tsaya, katin asibiti ma tsayawa yake yi

Watan Maris mai zuwa in Allah ya kai mu zan cika shekara 60, kuma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san abin da hakan ke nufi, ko dai shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wacce ta riga zuwa ita ce taka. Ni a 1993 na kama aiki a wata ma'aikatar tarayya, don haka shekarun haihuwa ne suka riga cim min. Malaman makaranta an ƙara musu zuwa 65 ko 40 tun 2022, mu 'yan ofis muna nan kan tsohuwar ƙa'ida. Kusan shekara biyu kenan ina lissafin wannan rana, rufin da ya rage a ɗan ginin da nake yi a gida Funtuwa, auren 'yata ta uku, shagon kayan masarufi da nake son buɗewa don kar in zauna haka nan, duk na rubuta su a wani ɗan littafi da nake ajiyewa a durowar ofis. Amma maganar asibiti ko sau ɗaya ba ta shiga littafin nan ba, sai da na ga abin da ya samu wani tsohon oganmu da idona.

Ranar wata Talata ce na je karɓar maganin hawan jinina a asibitin da katinmu yake nan Kaduna. Akwai wata 'yar taga da 'yan inshora ke miƙa kati a duba suna kafin a ciro fayil. Ina zaune a benci ina jiran layi sai na hango shi a gaban tagar, mutumin da ya koya min yadda ake rubutu a fayil lokacin ina sabon shiga, bai fi wata biyar da yin ritaya ba. Farar shadda ce a jikinsa ta sha guga, da hularsa zanna bukar, kamar dai yadda muka san shi a ofis. Yarinyar da ke tagar ta daɗe tana duba kwamfuta, ta sake ɗaukar katin ta juya bayansa, sannan ta sassauta murya ta ce, "Baba ka yi haƙuri, sunanka ba ya cikin lis ɗin wannan watan." Ya ce, "'Yata sake dubawa dai, shekara goma sha nawa ina zuwa nan." Ta ce, "Sau biyu na duba Baba, kai da Hajiya duk babu. Ko ka yi ritaya ne?" Bai ba ta amsa ba. Ya karɓi katin ya saka a aljihun gaba, ya juyo, sai muka haɗa ido.

Na tashi na rusuna na ce Yallaɓai ina kwana, ya ce lafiya lau, ashe kana nan. Na bar layina na raka shi waje. A kemis ɗin da ke tsallaken titi ya ciro wata tsohuwar takardar likita da ta sha ninki har rubutun ya fara gogewa, ya tambayi kuɗin maganin wata ɗaya, nasa na hawan jini da na Hajiya na suga. Da yaron ya faɗi kuɗin sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce to a ba shi na kwana goma. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe min hannu da ƙarfi ya ce, "Bar kuɗinka, kai ma naka na nan tafe." A lokacin ko kobo bai fara gani ba na fansho.

Wallahi ranar ban iya aikin kirki a ofis ba. Kuma ba laifin yarinyar nan ba ne, ba laifin asibitin ba ne, haka tsarin yake, mu ne ba mu taɓa tsayawa mun tambaya ba. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to ni gemun da na gani yana ci na wanda ya fi ni matsayi ne ya fi ni tsari.

Bari in ɗan koma baya saboda yaran yanzu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa tun 1999 aka yi ta, amma sai 2005 zamanin Obasanjo aka fara aiki da ita, kuma da mu ma'aikatan tarayya aka fara, lokacin ana ce mata NHIS. Na tuna yadda aka kawo fom ofis, wasu suka ƙi cikewa suna cewa wata hanyar yankar albashi ce. A takarda mai ba ka aiki zai zuba kashi 10 na ainihin albashinka, kai kuma kashi 5. Katin ya ɗauki kai, da mata ɗaya, da 'ya'yan cikinka huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ka zaɓi asibiti ɗaya, in ka je ba ka biyan kuɗin ganin likita, magani kuma kashi 10 kawai za ka biya, wato in an rubuta maka na dubu ashirin dubu biyu ne naka. Tsakaninka da asibiti akwai kamfanonin da ake ce wa HMO, su ne kuɗin ke bi ta hannunsu, su ne kuma ke ba da kod, wato lambar izini, in za a tura ka babban asibiti. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, sunan hukumar inshorar ya koma NHIA, aka ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowane ɗan ƙasa. Duk wannan na sani. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne katin nan a jikin albashi yake rataye, gwamnati tana zuba maka ne saboda kana cikin jerin masu karɓar albashi, ranar da IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, ta cire sunanka babu mai zuba maka, in babu mai zubawa kuma asibiti ba ta da dalilin ganinka kyauta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin da abin ke faruwa. Ina ɗan shekara 40 sai in shekara ban je asibiti don kaina ba, sai dai zazzaɓin yara da awon cikin maman yara. Yanzu kuwa duk safiya sai na haɗiyi amlodipine da lisinopril na hawan jini, maman yara kuma shekara shida kenan tana kan metformin na suga, duk bayan 'yan watanni sai an yi mata gwajin jini an duba ido an duba ƙafa. Lokacin da jiki ya fara neman katin da gaske, lokacin ake karɓe shi. Sannan ga tsadar magani, tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kamfanonin magani irin su GSK suka tattara suka daina harkarsu yadda suka saba a ƙasar nan, duk mai sayen magani da kuɗinsa ya san yadda farashi ya koma. Mu masu kati ba mu ji zafin sosai ba saboda kashi 10 ɗin nan ya rufe mana ido. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma daga watan Afrilu in ban yi wani abu ba ni ma na koma cikin wannan lissafin, da ni da iyalina.

Sai kuma tazarar nan da kowane ɗan fansho ya sani, tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Mu da muka kama aiki kafin gyaran dokar fansho ta 2004 kuɗinmu kashi biyu ne, akwai wanda ake ta tarawa a asusunmu wurin kamfanin fansho, akwai kuma haƙƙinmu na shekarun baya, ni daga 1993 zuwa 2004, wanda sai gwamnati ta saki kafin a haɗa a fara biyanka. Mutane da yawa sun yi watanni suna jiran wannan. To a cikin watannin nan ba albashi, ba fansho, ba kati, kuma hawan jini bai san da wannan ba. Mutum ya fara tsallake magani, yau ya sha gobe ya bari don ya kai shi ƙarshen wata, sai ka ji an ce wane ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye. Mun yi jana'izar irin waɗannan, mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne kwana ne, amma an umarce mu da neman magani.

Da daddare bayan isha'i na ce wa maman yara ta ɗauko min ledar magungunan gidan nan duka. Ta zazzage su a kan tabarma, nawa a gefe nata a gefe, da abin shaƙar asma na autanmu, da 'yar na'urar awon suga da kwalin tsinkenta da saura uku a ciki. Na ce mu ɗauka daga Afrilu komai da kuɗinmu za mu saya. Ta ɗauki waya ta kira wani yaron maƙwabta da ke aiki a kemis, yana faɗin farashi ina rubutawa a bayan kalanda. Da na haɗa na wata ɗaya na ninka sau goma sha biyu sai na miƙa mata takardar ban ce komai ba. Ta duba ta ce, "Alhaji wannan ai ya fi kuɗin rufin." Kuma wannan magani ne kawai, ba a kwanta ba, ba a yi tiyata ba, ba a ɗauki hoton komai ba.

Wannan ya sa na ɗauki uzurin rabin rana na je ofishin NHIA na jiha. Wani matashi ne ya saurare ni, ya kuma ba ni lokaci sosai, Allah ya saka masa. Na ce ɗana ni mai shirin ritaya ne, ina mafita? Ya ce Baba akwai, GIFSHIP. Shiri ne da aka ƙaddamar a 2020 don waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu, ƙananan kamfanoni, da 'yan fansho da ƙungiyoyinsu. Kai za ka biya da kanka, kuɗin shekara guda gaba ɗaya, ka zaɓi asibiti a cikin waɗanda hukumar ta amince da su, shekara ta zagayo ka sabunta. Hanya uku ake shiga, ko mutum shi kaɗai, ko iyali, ko rukuni na mutum goma zuwa sama. Lokacin da aka fara shi naira dubu 15 ne kan kowane mutum a shekara, iyali mai mutum huɗu dubu 60, rukunin mutum goma dubu 150. Kuɗin ya tashi sosai tun daga lokacin, don haka kar wani ya ɗauki wannan tsohon farashi ya tafi da shi, ka je ofis ka ji na ranar. Amma ko da sabon farashin, da na ajiye shi kusa da lissafin bayan kalanda, ba a ma haɗa su.

Abu ɗaya da ya nanata min, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan, ba ranar da ka biya ake fara ganinka a asibiti ba. Akwai lokacin jira kafin sunanka ya fito a lis. Wato in ka bari sai ciwo ya kwantar da kai sannan 'ya'yanka suka ruga su yi maka rajista, an makara, wannan kwanciyar da kuɗinku za ku yi ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa na yanke cewa ranar da zan miƙa notis ɗina na wata uku a ofis, a satin nan zan koma wurinsu da takarduna a hannu mu tsara ranar biya yadda tazarar da ke tsakanin tsohon kati da sabo ba za ta yi tsawo ba. Kuɗin kuma daga albashin da ya rage min nake cire shi kaɗan kaɗan, na buɗe masa wani asusu daban wanda ko katin cirar kuɗi ban karɓa ba, don na san halin gida, in kuɗi na kusa buƙata ba ta ƙarewa. Ban yarda in jingina shi da kuɗin sallama ba, wannan ba ka san ranar zuwansa ba, kuma ranar da ya zo mutum ɗari ne ke jiransa.

Takardu ma wani aiki ne. Ana buƙatar lambar NIN ta duk wanda za a saka, kuma a nan na gano sunan maman yara a katin ɗan ƙasa da wanda ke fayil ɗina na ofis ba iri ɗaya ba ne, a wani an sa sunan mahaifinta a wani an sa nawa, ranar haihuwa ma ta sha bamban, irin abin nan namu na mutanen da aka haifa a gida aka yi takardar rantsuwar shekaru daga baya. Shekara da shekaru ba wanda ya kula. Gyaran ya cinye min kusan wata biyu ina kai da kawo. In kana da shekara ɗaya ko biyu a gaba, yau ɗin nan ka ɗauko katin kowa a gidanka ka jera su ka duba harafi bayan harafi, dama wannan gyaran zai yi maka amfani wurin tantancewar PenCom, hukumar fansho ta ƙasa.

Sai maganar wa za a saka. A nan ne na daɗe ina juyi. 'Ya'yana manya duk sun haura 18 sun fita daga kati tuntuni, biyu suna aiki. Saura auta mai shekara 14, da ɗan ƙanena marigayi da nake riƙo tun yana goye, wanda tsohon katin bai taɓa ɗauka ba saboda ba ɗan cikina ba ne, duk rashin lafiyarsa daga aljihu nake yi. Wannan karon tunda ni ke biya kan kowane kai, zan saka shi. Ni, da ita, da yaran biyu. Wani abokin aikina mai mata biyu shi nasa lissafin ya fi nawa nauyi, don dama tun can uwargida ce kawai a kati amarya sai da ya biya mata daban, yanzu kuma duka biyun a kansa, da yara ƙanana biyar. Na ce masa ko ba zai iya kowa da kowa a shekarar farko ba, ya fara da masu ciwon da ba ya warkewa da kuma mai juna biyu, amma fa ya zaunar da matan ya yi musu bayani tun wuri, kar abin alheri ya zama sanadin rigima a gida. Akwai kuma Inna, mahaifiyata, ta haura 80 tana can Funtuwa. Ita na ce wa ƙanena ya je ya tambaya a asibitin unguwa, don akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake ware masa kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, kuma tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara na cikin waɗanda aka yi shi dominsu, ta hannun hukumomin jihohi ake saka mutane.

Zaɓen asibiti kuma kar a yi shi da ka. Ni da farko tsohon asibitinmu na Kaduna na so in rubuta saboda sabo, likitan ya san ni, fayil ɗina ya yi kauri a can. Maman yara ce ta ce, "To in mun koma gida fa, duk wata za ka hau mota zuwa Kaduna karɓar magani?" Gaskiyarta. Kuɗin motar kaɗai ya cinye ribar. Asibitin da za ka zaɓa ya zama inda za ka kwana bayan ritaya, wanda ko ƙarfe biyun dare za a iya kai ka a Keke. Ana iya canza asibiti daga baya amma ba nan take ba ne, sai ka ɗau watanni. Na je Funtuwa hutun ƙarshen mako na zaga asibitoci biyu da ke karɓar 'yan inshora, ban je wurin manya ba, benci na zauna kusa da masu jiran magani na tambaye su, ana samun magani a nan ko kullum sai a ce babu a je waje a saya? A bakinsu na ji abin da nake son ji, kuma da shi na yanke hukunci.

Don kar a ce na zo talla, abin nan yana da nasa matsaloli kuma duk mai kati ya san su. Kalmar "babu shi" a tagar magani ba baƙuwa ba ce. Dalilin kuwa a fili yake, asibiti ana biyanta wani ƙayyadadden kuɗi ne kan kowane mutum duk wata ko ya zo ko bai zo ba, kuma shekaru da dama naira 750 ne kuɗin nan bai motsa ba alhali magani yana ta hawa, sai a 2024 aka ƙara kashi 60 cikin 100, aka sake ƙarawa bayan nan. Asibitin da ake ba 750 ka zo mata da ciwon suga da hawan jini, ai dole ta riƙa kallonka a matsayin asara. Ga jiran kod in za a tura ka wurin ƙwararren likita, na taɓa wuni guda a kan benci da maman yara muna jiran a amsa waya. Magani kuma wanda ke cikin jerin hukuma za a ba ka, ba lallai mai sunan kamfanin da ka saba ba. Manyan hotuna irin su sikanin CT da MRI ba duka ake ɗauke maka ba, wankin ƙoda zama kaɗan ne, kwanciya ma akwai adadin kwanakin da aka ƙayyade a shekara. Duk da haka na gwada zama da kati na kuma ga wanda ba shi da shi a gaban kemis yana cewa a ba shi na kwana goma. Da babu gara ba daɗi.

Saboda haka watannin da suka rage min nake amfani da su, tunda katin na da rai. Na sa an yi min gwajin ƙoda da na suga da na kitse a jini, an duba min ido, na kuma cire kunya na gaya wa likita yadda fitsari ke tada ni sau uku sau huɗu da dare, abin da mu maza masu shekaruna ba ma son faɗa, ya tura ni aka duba, alhamdulillahi ya ce kumburin bai kai na tiyata ba amma a riƙa bibiya. Na roƙe shi ya rubuta min taƙaitaccen bayanin ciwona da nata da magungunan da muke sha, a takarda mai hatimi, don sabon likita a can gida kar ya fara daga farko. Kuma duk wata ina sayen ɗan ƙarin magani da kuɗina ina ajiyewa, ina duba ranar lalacewarsa, so nake ranar da zan bar ofis ya zama akwai na wata uku a gida.

Akwai wani dattijo a masallacin unguwarmu da ya ce min shi ba ya shiga inshora, caca ce, ka biya kuɗi ba ka san ko za ka ci moriyarsa ba. Ban yi masa gardama ba don ni ba malami ba ne, amma na kai maganar wurin limaminmu, ya ce a fahimtarsa irin wannan da jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don a yi wa wanda ya kwanta magani taimakon juna ne, in shekara ta wuce ba ka yi ciwo ba ka gode wa Allah, kuɗinka ya yi wa wani amfani. Ina ganin shi ya sa jihohinmu da suka kafa nasu hukumomin, KSCHMA a Kano, KADCHMA a nan Kaduna, da ta Katsina, suka fi son kiran abin taimakekeniya. Su ma suna da tsarin da mutum zai biya da kansa ya shiga, don haka wanda ya yi aikin jiha ko ƙaramar hukuma ya fara leƙa tasu ya ji, wasu jihohin ma sun fara saka 'yan fanshonsu. Kowa dai ya tambayi malamin da ya yarda da shi, amma ya tambaya yanzu, kar ya bari sai yana kan gado.

Ra'ayina ni dai, bai kamata a ce mutum ya ba ƙasa shekara talatin da wani abu sannan a sallame shi daga asibiti ranar da aka sallame shi daga ofis ba. Sojoji da suka yi ritaya ana ci gaba da kula da lafiyarsu a ƙarƙashin nasu tsarin, to me ya hana a yi wa masinja da akawu da direba haka? Ko da wani ɗan kaso za a riƙa cirewa tun mutum yana aiki a ajiye masa don wannan, da yawanmu za mu yarda. Ƙungiyoyin ƙwadago sun fi ba da ƙarfi kan ƙarin albashi, kuma suna da gaskiya, amma duk mai ɗaga kwali yau ɗan fansho ne gobe. A taron bita da aka yi mana na masu shirin ritaya an yi awa uku ana maganar kiwon kifi da kaji, maganar lafiya ko minti biyar ba ta samu ba, sai da na ɗaga hannu na tambaya, kuma rabin zauren a ranar suka fara jin cewa katinsu zai mutu.

Daga wannan taron ne muka fara haɗa kanmu, mu da za mu fita a shekara ɗaya da waɗanda suka riga mu da kaɗan, muka buɗe guruf a WhatsApp, muka ce mu shiga a rukuni, mu riƙa tuna wa juna lokacin sabuntawa, in an wulaƙanta ɗaya a asibiti mu je mu yi magana da baki ɗaya. Wani ya kawo shawarar mu yi adashi duk wata don kuɗin shekara mai zuwa kar ya zo mana bagatatan, aka amince. Zuwa jiya mu takwas ne, saura biyu mu cika goma.

Na kira tsohon oganmu na gaya masa. Ya yi shiru a waya, sannan ya ce shi yanzu ba shi da abin biya sai kuɗinsa sun fito. Na ce Yallaɓai mun riga mun yi magana da sauran, za mu zuba maka kai da Hajiya, in naka sun fito ka mayar a asusun adashi, bashi ne ba kyauta ba, don na san in na ce kyauta ba zai karɓa ba. Ya ce bari ya yi shawara da Hajiya. Ranar Asabar bayan la'asar zan je gidan da kaina, na ce ya ajiye min katin ɗan ƙasarsu su biyun in duba sunayen tukuna.